A Sha'anin Intanet Dukkanmu Baƙi Ne

Daga Teburin Sakatare

Kun saba ganin muna magana a wannan shafi a kan takardar shaidar ɗan asali, da gurbin karatun yaranmu, da rabon rumfunan kasuwa, da harajin da muke biya. A wannan fitowa za mu ɗauko wani haƙƙi ne da ba mu cika ambatonsa a tarukanmu ba, wato haƙƙin a ji ta bakinmu a kan yadda ake tafiyar da wayar da ke aljihunmu da intanet ɗin da ke cikinta. Wani zai ce ina ruwan mai sayar da hatsi ko ɗan acaɓa a Kujama da wannan magana ta 'yan boko. To, amsar tana cikin abin da ya auku a shekarar 2021, wanda babu mai hankalin da ya manta da shi a wannan yanki.

A ƙarshen watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Kaduna, ta bakin kwamishinan tsaron cikin gida na lokacin, Samuel Aruwan, ta ba da sanarwar katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar, kuma ƙaramar hukumarmu ta Chikun tana cikin wuraren da abin ya shafa. Kafin nan an riga an yi haka a Zamfara tun farkon watan, sai wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato suka biyo baya. Ba a maido da layukan a Kaduna ba sai a ƙarshen Nuwamba, kusan wata biyu ke nan. A daidai wannan lokaci kuma an dakatar da kasuwannin mako a Chikun da Kajuru da Igabi da Giwa da Birnin Gwari, an kuma hana hawa babur.

Ba mu manta dalilin da aka bayar ba, kuma ba ƙaramin dalili ba ne. A watan Afrilu na wannan shekara 'yan bindiga sun sace ɗaliban Jami'ar Greenfield, suka kashe wasu daga cikinsu. Ranar 5 ga Yuli sun kwashe yara fiye da 120 daga makarantar Bethel Baptist da ke nan kan hanyarmu ta Kaduna zuwa Kachiya. Jami'an tsaro sun ce da waya ɓarayin ke magana da masu kai musu rahoto, da ita suke cinikin kuɗin fansa. Duk wanda ya ga halin da iyayen yaran nan suka shiga ba zai raina wannan hujja ba.

Amma kuma a wuraren da sabis ya ɗauke, mai POS ya rufe tebur, tsohuwar da ɗanta ke turo mata kuɗi daga Legas ta zauna jira, mai mata da naƙuda ya rasa yadda zai kira mota, mutanen ƙauye suka rasa hanyar sanar da soja in an shigo musu da dare. Mutane sun riƙa biyan kuɗin mota su yi tafiya don kawai su yi kiran minti biyu. Abin da muke so ku lura da shi a nan shi ne, sabis ɗin da ya ɗauke bai tambayi kowa takardar asali ba. Wayar ɗan'uwanmu na Gbagyi da kakanninsa suka sari dajin nan, da ta Bahaushe, da ta Bafulatani, da ta ɗan Adara, da ta ɗan Bajju, da ta Ibo da Bayarabe, duk lokaci guda suka yi shiru. Kowa ya ji sanarwa ne kamar yadda ake jin shela.

Wannan shi ne abin da muke son faɗa a wannan takarda. A sha'anin intanet dukkanmu baƙi ne, har da masu gari. Muna biya kullum, hukunci yana hawa kanmu, amma ba mu da kujera a inda ake yanke shi. Ƙa'idar da ƙungiyarmu ta daɗe tana roƙo a bi a cikin gari, cewa wanda yake zaune a wuri yana ɗaukar nauyinsa to yana da bakin magana a kansa, ita ce dai ƙa'idar da ta kamata a bi a nan.

Su wa ke riƙe da ragamar?

Ya kamata mu fara rarrabe wa ke da iko a kan me, don kada mu kai wa sarki ƙarar da ta dace da mai unguwa. Masu ikon nan hawa uku ne.

Hawa na sama wata hukuma ce mai suna ICANN, wadda aka kafa a 1998 a Jihar Kalifoniya ta Amurka. Ba ita ke da intanet ba, kuma ba ta da ikon katse wa kowa layi. Aikinta shi ne kula da babban littafin sunaye da lambobi, wanda da shi ne waya ko kwamfuta ke gane inda za ta kai saƙo. Ta wajenta ake tabbatar da wanda zai riƙe sunan kowace ƙasa, kamar .ng na Najeriya, kuma a teburinta ake duba irin haruffan da za su iya shiga cikin waɗannan sunaye. A 2010 ne aka fara barin ƙasashe irin su Masar da Saudiyya su rubuta nasu da haruffan Larabci. Ke nan ko batun ƙ da ɗ da ɓ namu na Hausa, a irin wannan tebur ake duba shi. Har zuwa 2016 gwamnatin Amurka ce ke sa ido a kan wannan aiki ta hanyar kwangila.

Hawa na tsakiya shi ne AFRINIC, mai ofis a tsibirin Morishus, wadda aka amince da ita a 2005. Ita ke raba lambobin intanet ga kamfanonin waya da jami'o'i da bankunan Afirka, kamar yadda ake yanka fili a ba kowane filoti lambarsa. Kamfanin da ba shi da waɗannan lambobi ba zai iya haɗa kowa da intanet ba.

Hawa na ƙasa, wanda ya fi taɓa mu kai tsaye, shi ne na cikin gida. Akwai Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, mai aiki da dokar sadarwa ta 2003, wadda ke ba kamfanonin waya lasin, ta amince da farashi, ta ba su umurni. Akwai kuma ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005 don riƙe sunan .ng.

Zaɓen da aka yi sau ɗaya tak

Mutane da yawa ba su san cewa an taɓa gwada zaɓen dimokuraɗiyya a hawa na sama ba. Da aka kafa ICANN, tsarin da aka rubuta shi ne kujeru tara daga cikin 19 na hukumar gudanarwarta za su zama na jama'a masu amfani da intanet. A watan Oktoba na 2000 aka yi zaɓen, amma na kujeru biyar kawai, kowace shiyya ta duniya kujera ɗaya. Sharuɗɗan ba su da yawa: mutum ya kai shekara 16, yana da adireshin imel, yana kuma da adireshin gidan waya inda za a aiko masa da lambar sirri a cikin ambulan. Kimanin mutum 158,000 suka yi rajista, 34,035 suka kaɗa ƙuri'a. Shiyyar Asiya ta kawo ƙuri'a 17,745, Turai 11,309. Afirka baki ɗayanta, daga Alƙahira zuwa ƙarshen Afirka ta Kudu, ƙuri'a 130 ta kawo.

Ku sake karantawa, ɗari da talatin. Rumfar zaɓe guda ta unguwa tana iya fin wannan ranar zaɓen kansila. Wanda ya ci kujerar Afirka shi ne Nii Quaynor na ƙasar Gana, mutumin da ya san aikin kuma yana cikin waɗanda suka fara kai intanet ƙasarsa. Ba shi ne abin kuka ba. Abin kuka shi ne yadda aka tsara ƙofar shiga. A shekarar 2000 ko wayar GSM ba ta zo Najeriya ba, sai a watan Agusta na 2001, kuma layukan NITEL na ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba. Mutum nawa ne a Kujama ke da imel a lokacin, balle akwatin gidan waya? A takarda ƙofa a buɗe take ga kowa, a zahiri kuwa sai mai tsani ke kai wa gare ta.

Bayan zaɓen sai surutu ya tashi. An ce a Japan da Jamus an yi gangamin tura mutane su yi rajista, saboda haka ƙasa mai kuɗi da tsari za ta iya mamaye zaɓen. An ce ba a iya tantance ko mutum ɗaya ya yi rajista sau biyu. An ce tura ambulan ko'ina a duniya yana cin kuɗi. Aka naɗa kwamiti a ƙarƙashin Carl Bildt, tsohon firaministan Suwidin, wanda a 2001 ya ba da shawarar a ci gaba da zaɓe amma ƙuri'a ta zama ta waɗanda suka mallaki suna a intanet. Wato mai gida ke da ƙuri'a, ɗan haya ba shi da ita. Ko wannan ma ba a ɗauka ba. A 2002, shekarar da hukumar ta yi taronta a nan Afirka ta Yamma, a birnin Akara, aka sake tsarin gaba ɗaya aka soke zaɓen kai tsaye. Daga ranar har yau ba a sake yin irinsa ba.

A tsarin da ya biyo baya, kujeru 16 ne ke da ƙuri'a a hukumar gudanarwar. Takwas daga ciki kwamitin tantancewa ne ke naɗa su. Kujera ɗaya ce tak ta jama'a masu amfani da intanet, wadda aka samu a 2010, kuma ita ma wakilai 20 ne ke zaɓen mai hawanta. Daga tara da aka ambata da farko, an dawo ɗaya.

Mu da ake kira baƙi a garuruwa daban-daban na ƙasar nan mun san wannan salo. In kun fito kaɗan, a ce ai ba ku damu ba. In kun fito da yawa, a ce hayarku aka yi. Daga nan sai a ce tunda abin ya zama rigima, bari a naɗa wani ya yi magana a madadinku. Matsalolin da aka lissafa a zaɓen 2000 na gaske ne, ba mu musa ba. Amma maganin rajistar da ta yi ƙaranci shi ne a faɗaɗa ta, maganin maguɗi kuma shi ne a tsare akwati. Ba a rushe masallaci ko coci don an saci takalmi a bakin ƙofa.

Darasin AFRINIC

Hawa na tsakiya yana da zaɓe, amma na mambobi ne, wato kamfanoni da hukumomin da ke riƙe da lambobi. Talaka mai sayen data ba ya ciki. A 2021 rigima ta ɓarke tsakanin AFRINIC da kamfanin Cloud Innovation a kan lambobi fiye da miliyan 6. Shari'a ta yi ta hawa kan shari'a a kotunan Morishus, har aka taɓa rufe asusun hukumar na banki. Daga 2022 ta zauna ba ta da cikakkiyar hukumar gudanarwa, a 2023 kotu ta naɗa mai riƙon ƙwarya. Da aka zo yin zaɓe a watan Yuni na 2025, sai aka soke shi saboda zargin da ya taso a kan takardun wakilci, irin waɗanda mutum ke zuwa da su ya ce wane ya wakilta shi ya kaɗa masa ƙuri'a. Sai a watan Satumba na 2025 aka samu aka zaɓi sababbin shugabanni.

Shekara uku ke nan hukumar da ke riƙe da lambobin nahiya guda tana zaune babu zaɓaɓɓun shugabanni, kuma yawancin mutanen da ke dogara da ita ko labari ba su ji ba. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zaɓen da masu ƙuri'arsa 'yan kaɗan ne, kuma jama'a ba sa kallonsa, shi ya fi saurin tsagewa. Wannan darasi ne har ga ƙungiyoyi irin tamu, shi ya sa kullum muke matsa wa mambobi su zo babban taro da ƙafarsu.

A nan gida fa?

Kwamishinonin NCC su tara ne, Shugaban Ƙasa ke naɗa su, Majalisar Dattawa ta tabbatar. Babu kujerar da masu amfani da waya ke zaɓa. Sashe na 148 na dokar 2003 ya ba hukumar ikon dakatar da ayyukan sadarwa idan an shiga halin gaggawa ko don tsaron jama'a. Ku dubi manyan hukunce-hukuncen da suka hau kanmu a 'yan shekarun nan. A watan Disamba na 2020 an ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, a watan Afrilu na 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 70 kira. A watan Yuni na 2021 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter har zuwa Janairun 2022, kuma a watan Yuli na 2022 Kotun ECOWAS ta yanke cewa wannan mataki ya saɓa wa haƙƙin faɗin albarkacin baki. A watan Janairu na 2025 aka amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100.

Ba mu ce kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai kuskure ne ba. Akwai mai hujja, akwai wanda kotu ta rushe. Kuma gaskiya ne NCC tana da sashen kula da koke-koken jama'a, tana da layin kyauta na 622, tana kuma kiran tarukan jin ra'ayi. Sai dai galibin irin waɗannan taruka a manyan birane ake yi, da Turanci, da takardun da ko mai digiri sai ya sa tabarau. Sauraren koke daban, wakilci daban. Mai koke yana tsaye a bakin ƙofa yana jiran a kira shi. Wakili kuwa yana zaune a ciki tun kafin a rubuta hukuncin.

Hujjojin masu cewa a'a

Akwai hujja uku da ake kawowa, kuma ya kamata mu amsa su da mutunci.

Ta farko, a ce aikin na masana ne, talaka bai san yadda turakun sadarwa ke aiki ba. Haka ne, kuma ba mu ce a zaɓi injiniya da ƙuri'a ba. Amma kansilan da muke zaɓa shi ma bai san haƙar rijiyar burtsatse ba, duk da haka shi ke faɗin unguwar da ta fi buƙatar ruwa. Yadda za a katse layi aikin injiniya ne. Ko ya dace a katse, da tsawon lokacin, da wanda zai ɗauki asarar, wannan magana ce ta jama'a. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ta biyu, a ce sha'anin tsaro sirri ne, ba a shelarsa a kasuwa. Wannan ma mun yarda. Babu mai cewa a kira taron gari kafin sojoji su shiga daji. Abin da muke nema shi ne a san wanda ya sa hannu, a san ranar da umurnin zai ƙare, a kai shi gaban zaɓaɓɓun wakilai, kuma bayan an gama a fito a gaya wa jama'a abin da aka samu da abin da aka rasa. Ko dokar ta-ɓaci, wadda ta fi wannan girma, Kundin Tsarin Mulki bai bar Shugaban Ƙasa ya ci gaba da ita ba sai Majalisar Tarayya ta amince. In haka ne ga dokar ta-ɓaci, me zai hana a yi haka ga rufe bakin ƙananan hukumomi na wata biyu?

Ta uku, a ce ai zaɓukanmu na gida ma ba su gyaru ba, ina amfanin ƙaro wani. Wannan jiha tamu ce ta fara amfani da na'urar kaɗa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi a 2018, daga baya aka koma ga takarda, kuma kowane zaɓe ana ta gardama a kansa. Amma duk gardamar nan a kan yadda za a gyara zaɓe ne. Duk lokacin da aka ba mu kantoma a maimakon zaɓaɓɓen ciyaman, kowa ya san bambancin, domin wanda ba kai ka ɗora shi ba ba ya tsoron ka sauke shi.

Abin da muke nema

Sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce mulki na jama'ar Najeriya ne, kuma a tabbatar sun shiga cikin tafiyar da gwamnatinsu. Sashe na 15 ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin zama a ko'ina a tarayya. Sashe na 39 ya ba kowa 'yancin karɓa da isar da labari. Sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini. A kan waɗannan muka tsaya muke kira kamar haka:

1. Majalisar Tarayya ta gyara dokar sadarwa ta 2003, ta yadda duk umurnin katse layi zai zama a rubuce, da sunayen wuraren, da ranar ƙarewa, a kai shi gaban majalisa cikin 'yan kwanaki, kuma duk wanda abin ya shafa ya iya ƙalubalantarsa a kotu.

2. A ware kujeru a hukumar NCC ga masu amfani da waya, waɗanda ƙungiyoyin jama'a na kowace shiyya za su zaɓa, ba naɗi ba.

3. Kafin a ƙara farashi ko a rufe layukan mutane da yawa, a yi zaman jin ra'ayi a hedkwatar ƙananan hukumomi, da Hausa da sauran harsunan yankin, a kuma sa a rediyo.

4. Wakilan Najeriya a ICANN da AFRINIC su goyi bayan ƙara kujerun jama'a, su kuma riƙa dawowa gida suna ba da bayanin abin da suka amince da shi da sunanmu.

5. Duk wata kujera ko kwamiti da za a kafa, sharaɗin shiga ya zama zama a wurin da amfani da layin. Kada a shigo da takardar asali cikin wannan sha'ani.

Wannan na ƙarshe shi ne ya fi damunmu. Tun a 2006 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan yadda rabon ɗan asali da baƙo ke hana 'yan Najeriya haƙƙinsu, kuma Kaduna tana cikin jihohin da ta duba. Mun san kuma cewa 'yan'uwanmu masu gari suna da nasu tsoron, na kada a wayi gari an rinjaye su a ƙasar kakanninsu, kuma tsoro ne da ya kamata a saurara da girmamawa. Amma sabis ba gona ba ne, ba sarauta ba ce. In ya zo wa maƙwabcinka bai rage naka ba, in ya ɗauke kuwa tare zai bar ku. Saboda haka wannan fage ne da za mu iya tsayawa sahu ɗaya da su ba tare da kowa ya ji an taɓa gadonsa ba. Katin zaɓe ma ai haka yake, hukumar INEC tana yi wa mutum rajista a inda yake zaune.

Namu aikin

Kada mu tsaya ga kira kawai. Ƙuri'a 130 ɗin nan ba laifin talakan Afirka ba ne a shekarar 2000, domin ba shi da hanya. Yau kuwa hanya ta samu, waya tana hannun kowa. In aka sake buɗe wata ƙofa muka kasa shiga, to ba mu da wanda za mu ɗora wa.

Na farko, kowa ya tabbatar yana da katin zaɓe. Idan masu neman kujerar Majalisar Wakilai ta Chikun da Kajuru, da na Sanatan Kaduna ta Tsakiya, da na majalisar jiha suka zo neman ƙuri'a, bayan maganar hanya da taki da tsaro, a tambaye su matsayinsu a kan katse layi. Su ne ke da ikon gyara dokar, kuma su kaɗai ne a cikin duk jerin nan muke iya saukewa.

Na biyu, akwai ƙofofin da suke buɗe tun yanzu. ICANN tana da reshen masu amfani da intanet na Afirka mai suna AFRALO, wanda ƙungiyoyin jama'a ke iya neman shiga ba tare da biyan kuɗi ba. NiRA mambobinta ne ke zaɓen shugabanninta. Akwai kuma taron tattauna sha'anin tafiyar da intanet da ake yi a Najeriya duk shekara. Ƙananan ƙofofi ne, amma wanda ba ya ciki ko ƙorafinsa ba a rubutawa. Muna ba babban taro shawara ya naɗa matasa biyu, mace da namiji, su bi mana wannan sha'ani su riƙa kawo rahoto.

Na uku, mu yi koyi da maƙwabta. A Kafanchan, Gidauniyar Fantsuam ba ta zauna jiran manyan kamfanoni ba, a shekarun 2000 ta kafa nata tsarin intanet na karkara mai suna Zittnet, ta haɗa makarantu da ofisoshin yankin. A Kano cibiyar CITAD ta daɗe tana wayar da kan jama'a a kan fasahar sadarwa. Al'ummar da ta taɓa riƙe nata kayan ta fi sanin abin da za ta faɗa in ta zauna da masu iko.

Na huɗu, da yawa daga cikinmu a ajin yaƙi da jahilci muka koyi karatu, da furfura a kanmu, kuma mun san abin da ya canza ranar da muka iya karanta takarda kafin mu dangwala mata yatsa. Wayar nan ita ce takardar wannan zamani. Muna roƙon malaman ajin manya su ƙara darasin karanta saƙon waya, da buɗe imel, da rubuta koke, musamman ga iyayenmu mata, waɗanda su ne suka fi dogara da wani ya karanta musu.

Na biyar, duk wanda ya yi asara a lokacin da aka katse layi a 2021, ko aka rufe masa layi, ya zo ofishin ƙungiya a rubuta, da rana da wuri da abin da ya rasa. Kuka a majalisar shayi ba ya zama hujja a gaban kwamiti. Idan mun tara, shugabanninmu za su kai gaisuwa ga iyayen ƙasa da ƙungiyoyin 'yan'uwanmu Gbagyi, da malamai da fastoci, da shugabannin 'yan kasuwa, domin takardar da za a miƙa wa wakilanmu ta fita da sa hannun Kujama gaba ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga ƙarshe muna tunatar da mambobi cewa za a sa wannan batu a jadawalin babban taro mai zuwa, kuma muna son kowa ya zo da ra'ayinsa, har da wanda bai yarda da abin da muka rubuta ba. Allah Ya ba mu zaman lafiya a Kujama da Chikun da Jihar Kaduna baki ɗaya, Ya dawo da waɗanda ke hannun ɓarayi gidajensu lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Amin.